Ƙas-ƙas a Ɗakin Rumbu

Inna ta tura mopa ƙarƙashin teburin ƙarfe, ta jawo, sai ta tsaya da ita a hannu. Ƙarar ta sake zuwa. Ƙas, ƙas, sai shiru, kamar ɓera yana gwada haƙori a jikin katako yana tsoron a ji shi.

Shekara goma sha ɗaya tana share wannan gidan rediyo, kuma duk cikin ɗakunan babu wanda take so kamar wannan ɗan ƙaramin na ƙarshen baranda. Ba taga, sai sanyin na'ura dare da rana, da kujera ɗaya mai karyayyen hannu, da baƙin akwatin ƙarfe a kan tebur. Injiniya yana ce wa akwatin saba. Sauran ma'aikata suna ce masa rumbu, don duk abin da aka taɓa faɗa a gidan yana ciki, daga labarai da talla har tsofaffin shirye-shirye. Inna ta san kukan rumbun kamar yadda uwa ta san numfashin ɗanta yana barci. Wannan ƙas-ƙas ɗin baƙo ne. Shekaranjiya ta ji shi sau ɗaya, jiya sau uku, yau kuwa kafin ta gama goge ƙasa ta daina ƙirgawa.

Da wani ɗaki ne da ta wuce abinta. Amma mijinta yana cikin akwatin nan.

Mai Kunne ake ce masa. Shi ne makanikin janaretan gidan, kuma duk Asabar da hantsi akan shigar da shi sutudiyo na rabin awa. Mutum zai bugo waya, ya kanga ta a jikin injin niƙansa ko babur ko famfon ban ruwa, Mai Kunne ya saurara ya faɗa masa ciwon. Shekara biyar ana yin shirin. Wata takwas ke nan da rasuwarsa, Inna ba ta taɓa cewa a kunna mata ko ɗaya ba. Masu gabatar da shiri sun yi mata tayi, ta ce tukuna. Sanin cewa yana ciki ya ishe ta. Kullum da safe takan goge ƙurar saman akwatin da busasshen tsumma, ta ɗan bar tafin hannunta a kan ɗuminsa, sannan ta wuce wanke kofuna.

Ta sami Manaja a ofishinsa, waya a kunne, wata wayar a hannu. Ya saurare ta da rabin kunne, ya nuna ƙaramar rediyon da ke kan tebur tana ta zuba waƙa, alamar ga shi komai na tafiya. Ba ta ja da shi ba. Yau Talata, ranar zuwan Injiniya ce.

Ƙarfe goma ya shigo, jaka a kafaɗa, tumbi a gaba, yana share gumi. Inna ba ta ce masa komai ba sai da ta ajiye masa shayi, ya sha rabi. Mai Kunne ne ya koya mata cewa ba a kai wa mai gyara ƙara cikinsa wayam.

Da ya ji zancen ya yi dariya. "Inna, ko dai kin fara jin aljanu ne?"

"Aljanin da zai zauna cikin wancan sanyi ai mura ce ajalinsa. Taso dai ka ji."

Suka tsaya a ɗakin su biyu. Rumbun kuwa, kamar yaron da aka kai asibiti ya ware, ya ƙi yin ko tari. Injiniya ya zauna a kujerar, ya buɗe kwamfutarsa ta hannu, ya haɗa waya. Yana dannawa yana yi mata bayani, don shi mutum ne da ba ya iya aiki baki rufe. Faifai biyu ne a ciki, in ji shi, kowanne bai fi ƙaramin littafi ba, kuma tagwaye ne: duk abin da aka rubuta a ɗaya, ana rubuta shi a ɗayan. Akwai hanyar da ake tambayar kowannensu lafiyarsa. Ya tambaya. Ya juyo mata da fuskar kwamfutar ko da yake ya san rubutun ba zai yi mata amfani ba.

"Kin gani? Duka biyun sun ce lafiya lau."

Inna ta matse mopa cikin bokiti. "Maigidana ma haka yake cewa, har ranar da aka ɗauke shi a mota."

Injiniya ya gyara zaman tabarau, ya koma kan allon, wannan karon ya daɗe. Suna nan sai ga ta: ƙas, ƙas. Ya ɗago kai. Ya ce bari a fara da abu mai araha, wata rana waya ce kawai ke taɓa fanka. Ya zagaya bayan akwatin, ya zura biro ya tsayar da fankar na ɗan ƙiftawar ido. Ƙarar ta sake yi fankar tana tsaye. Ya zare biron.

Ya koma ya binciko wani lissafi da faifan ke ajiyewa da kansa, na wuraren da suka lalace a jikinsa har ya daina rubutu a kansu. Watan jiya takwas ne. Yau ɗari uku da 'yan kai. Ya jira minti biyar ya sake dubawa, sun ƙaru da shida. Ya ce da Inna kamar tsohon zane ne, kana facin nan, can na yagewa, shi kuwa zanen in ka tambaye shi sai ya ce ai har yanzu yana rufe jiki. Ɗaya daga cikin tagwayen ne ke ciwo. Ɗayan garau yake.

Ta ce to ai da sauƙi, a cire marar lafiyar. Ya ce sabon faifai ma yana cikin kabad tun bara. Matsalar ita ce wanne ne. Na'urar ta ba shi lambar mai ciwon, amma lambar tana manne a jikin faifan, inda ido ba ya kaiwa sai an zaro shi. Wanda ya haɗa akwatin shekara shida da suka wuce bai rubuta komai a bakin aljihunan biyu da ake zura faifan a ciki ba, fitilar da za ta nuna kuma guda ɗaya ce tak ga su duka. In ya zaro mai ciwon, shi ke nan. In ya zaro mai lafiyar, ya bar dukiyar gidan kacokan a wuyan wanda ke gargara.

"A kashe mana, a buɗe a duba."

"Shekara shida suna juyawa ba hutu, Inna. Tsohon da ya daɗe a tsaye, in kin zaunar da shi ba lallai ya tashi ba."

Aka kira Manaja. Ya tsaya a bakin ƙofa yana hura hannu saboda sanyi. Da Injiniya ya tambayi babban faifan waje da ake kwafe komai a kai don irin wannan rana, sai aka shiga kallon-kallo. Wani ya ara tun kafin damina, ba a tuna ko wane ne ba. Wanda ke jakar Injiniya ƙarami ne, ba zai ɗauki ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. Manaja ya ce a kwafe talla da shirye-shiryen wannan wata, tsofaffin kuma in wuri ya rage. Bai faɗa da mugunta ba. Bai ma tuna ba ne, sai da ya ga Inna ta sunkuya tana goge inda ta riga ta goge, sannan ya yi gyaran murya ya ce wayarsa na ƙara, ya fita.

Wuri bai rage ba. Injiniya ya zauna ya zuba wa aljihunan biyu ido, na sama da na ƙasa, yana taɓa gemu. Ya ce na'urar tana kiran mai ciwon na ɗaya, kuma bisa al'ada na ɗaya shi ne na sama. Ya miƙa hannu, ya janye. Ya kanga kunne a jikin akwatin, ya ce ƙarar daga ko'ina take fitowa, ƙarfen duk ya ɗauka.

Inna ta kwance kan mopar, ta ajiye shi cikin bokiti. Ta goge sandar tas da gefen zaninta.

"Matsa in gani."

Ta ɗora bakin sandar a kan aljihun sama, ta rufe ɗaya bakin da babban yatsa, ta manna kunne a kan yatsan. Haka Mai Kunne yake yi da dogon sukudirebansa. A gida ya koya mata, a jikin firji da keken ɗinkin maƙwabciya, yana cewa inji ba ya ƙarya, sai dai mutum bai san inda zai tsaya ya ji ba. Ta ce wa Injiniya ko akwai yadda zai sa marar lafiyar ya yi aiki shi kaɗai, ya wahala. Ya dube ta, ya ce akwai, amma kaɗan, kada su ƙarasa shi. Ya danna.

A sama ba ta ji komai ba sai wani huuu mai santsi, kamar ruwa a cikin bututu. Ta sauke sandar zuwa aljihun ƙasa. Nan take ya bugo ta a ƙashin kunne: ƙas, ƙas, da wani ɗan karce a bayansa.

"Na ƙasa ne."

Injiniya ya ce amma na ɗaya fa. Ta ce ita ba ta san na ɗaya ba, ta dai san wanda ke kuka. Sai dai kada ya taɓa tukuna, ba a yanke hukunci da ji ɗaya. Ya tsayar da aikin da ya ɗora wa faifan, ya sake tayarwa. Ya tsayar, ƙasa ya yi tsit. Ya tayar, ƙarar ta dawo. Sau uku suka yi. Sannan ta miƙa masa sandar. Ya sunkuya da ƙyar, ya daɗe, ya ce shi ba abin da yake ji sai shayin da ya sha. Ta gyara masa yatsa, ta ce ya rufe ido ya daina numfashi kamar bijimi. Can sai ta ga girarsa ta ɗaga.

Ya miƙe, ya goge tafin hannu a wando. Ya yi bisimilla, ya danna maɓallin aljihun ƙasa, ya zaro shi a hankali.

Ba wanda ya dubi faifan. Dukansu biyu kunne suka kai baranda, inda rediyon bango ke watsa abin da ke fita. Mai karanta sanarwa ta gama, talla ta shigo daga rumbu, ba ko tangarɗa. Sannan Injiniya ya juya faifan, ya karanta lambar yana gwadawa da ta allo, harafi bayan harafi. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce ashe wayoyin a juye aka haɗa su tun farko. Ya zura sabon, ya yago salatif fari ya manna a bakin kowane aljihu, ya rubuta lambarsa da manyan baƙaƙe.

"Daga yau albashina mu raba, Inna."

"Riƙe abinka. Ka dai riƙa dawo mini da kofi."

Mai lafiyar zai ɗauki sa'o'i kafin ya gama zuba wa sabon duk abin da ke cikinsa. Inna ta mayar da kan mopa, ta tafi aikinta. Ta wanke banɗaki biyu, ta share sutudiyo tsakanin shiri da shiri, ta ci abincinta a inuwar ɗakin janareta inda suka saba ci ita da Mai Kunne. Duk wucewar da za ta yi sai ta leƙa, Injiniya ya faɗa mata inda aka kai: kashi talatin, sittin, tamanin da biyar.

Bayan la'asar ta zo ɗaukar bokitinta, ta same shi yana warware abin sauraro na kunne. Ya ce an gama, tagwaye sun koma biyu. Saura gwaji. Dole a buɗe wani tsohon shiri a ji ko ya fita daidai, shi kuma kunnensa, ta dai gani da idonta ɗazu. Yana maganar yana kallon allo, bai yarda sun haɗa ido ba.

Inna ta tsaya riƙe da ƙofa. Ta san ya san abin da yake yi. Ta goge hannu a zani, ta zauna a kujerar mai karyayyen hannu, ta gyara ɗankwali ya ɗora mata abin a kai.

Wani mutum ne yake ihu daga nesa, injin niƙa na ruri a bayansa. Sai gyaran murya, irin wanda ta shekara talatin tana ji ta bayan labule.

"Matso da wayar wajen bel ɗin, malam. Yawwa. Tsaya nan."

Shiru, inji na ta kuka. Sai wani ƙwarangwam daga can gefe, kamar ƙarfe ya faɗi a siminti. Mai gabatarwa ya tambaya ko wannan ne ciwon.

"A'a, wannan ba injinsa ba ne. Bokitin maiɗakina ne a baranda. Hannunsa ya kwance, mako biyu tana faɗa mini. Masu sauraro ku shaida, yau zan ɗaure."

Aka kwashe da dariya a sutudiyo. Inna ta juya ta dubi bokitin da ke bakin ƙofa. Jar wayar da ya ɗaure hannun da ita tana nan a kunnensa na hagu, an naɗa ta sau bakwai, an lanƙwasa bakin ciki don kada ta yanki hannu.

Ta saurara har kiɗan rufewa. Injiniya, wanda ya ba ta baya yana ta naɗe wayar da ta riga ta naɗu, ya tambaya ko ya fita sosai.

Ta ce akwai ɗan shuu a ƙasa, amma ba na faifai ba ne, tsohuwar fankar sutudiyo ce. Ya kai hannu zai karɓi abin sauraron. Ta dafe shi a kunnenta.

"Sa na gaba," in ji ta. "Ba a yanke hukunci da ji ɗaya."