Ranar da Manaja Ya Riƙe Dutsen Guga

"Kai, ba kai ne ka ce ciwon haƙori ya hana ka zuwa aiki ba?"

Direban gidan wankin ya daskare a ƙofar gidan Gwaggo, guntun rake a bakinsa. Ya zare shi a hankali ya ɓoye a bayansa.

"Yallaɓai, ai ɗaya ɓangaren ne yake ciwo."

Manaja ya dawo unguwa ne da rana tsaka don ɗaukar wata takarda da ya manta. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Gwaggo, shugabar masu wanki a kamfanin da yake riƙe da shi. Shekara ashirin da shida tana can, shi kuwa bara aka kawo shi. Mako uku ke nan ciwo ya kwantar da ita, kuma tun daga ranar aiki ya koma tafiyar hawainiya.

Ya dubi takalman da ke zube a bakin ƙofa. Ya gane guda huɗu. Sai ya yi sallama ya shiga.

Gwaggo tana kan katifa, an tokare ta da matasai biyu. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu, amma muryar tana nan daram. Ma'aikatansa na zaune kewaye da ita, kowa ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da hannu a tukunya.

"Ga mai gida ya kama ɓarayi," in ji ta, tana dariya tana tari. "Ku tashi ku koma, na gama da ku. Kai kuma ɗan nan, zauna."

Da suka fita, ya gaishe ta da jiki, sannan ya kasa haƙuri.

"Gwaggo, na tsara aiki na manna a bango. Na sa na'urar dangwala yatsa. Ranar Asabar ƙarfe huɗu za mu kai wa babban asibiti zanin gado ɗari uku, in muka saɓa sun ce za su koma wani wuri. Amma mutanen nan sai su bar aiki su zo nan?"

"Rabon aikin suka zo karɓa."

"Ai yana bango!"

"Takardarka tana da kyau, har da jan layi. Kafin ka zo, sabulu kan ƙare mana ana tsakar wanki, yanzu ba ya ƙarewa, wannan na yaba maka. To amma wa ka sa a injin tururi da safe?"

"Doguwa."

"Cikinta wata huɗu. Zafin nan jiri yake sa ta."

Manaja ya dube ta. "Me ya hana ta faɗa mini?"

"Yaushe? Kai da kake gaisuwa kana tafiya, kamar an biyo ka? Ni ofishina bakin famfo ne. Duk wanda ya zo wanke hannu sai ya bar mini labarinsa." Ta gyara kwanciya. "Ka riƙa tsayawa, ɗan nan. Ba sa cizo."

Washegari ya gwada. Ya tsaya a bakin famfo, ɗaure da nektayi, hannu a aljihu, har minti goma. Babu wanda ya zo wanke hannu. Da yamma ya ba Gwaggo labari, ta yi dariya har sai da 'yarta ta kawo mata ruwa.

"Da wannan igiyar a wuyanka? Ai sun ɗauka ƙirga su kake yi."

Ranar Asabar da sassafe, yana ɗaura agogo, ya ji kukan 'yar Gwaggo ta bayan katanga: Gwaggo ta cika. Ya shiga ya yi ta'aziyya. Aka ce ƙarfe sha ɗaya za a kai ta makwancinta.

A wurin aiki ya tarar kowa ya zo, kowa ya dangwala yatsa. Injuna na juyi, ba mai magana. Doguwa tana ninke zani tana share ido da gefen mayafi. Saura zani ɗari da arba'in ba a goge ba, kuma babu wanda ya nemi izinin fita.

Ya dubi tulin zannuwan, ya dubi agogo. Ya san lissafin ba zai fita ba.

"Ku kashe injunan," ya ce. "Ku tafi."

Direba ya matso. "Yallaɓai, asibiti fa? Kuma ai kai ne maƙwabcinta."

"Ni na gan ta da safe. Ku ne 'ya'yanta. Ku tafi, zan riƙe nan."

Da suka watse ya kwance igiyar wuyansa, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki dutsen guga. Bai san yana da nauyi haka ba. Zanin farko ya ci masa minti tara. A na bakwai wayarsa ta yi ƙara, ya ajiye dutsen a kan zanin ya amsa, sai ƙauri ne ya juyo da shi.

Ƙarfe ɗaya saura ya ji hayaniya a ƙofa. Su ne, ba wanda ya kira su, har da mata uku 'yan unguwa da ba su taɓa aiki a wurin ba. Doguwa ta ƙirga abin da ya goge.

"Sha ɗaya, Yallaɓai? A awa biyu?"

Direba ya ɗaga ƙonannen zanin ya leƙo da ido ɗaya ta cikin ramin. "Wannan na masu tiyata ne, an riga an huda musu wurin aiki."

Dariya ta ɓarke, irin wadda ke fitowa tare da hawaye. Manaja ma ya yi.

"Matsa, Yallaɓai," in ji Doguwa. "Kai ka riƙa kama mini baki muna ninkewa. A'a, ba haka ba. Kunne da kunne."

Ya kama kunne da kunne. Tana ninki tana ba shi labarin yadda Gwaggo ta taɓa korar wani mai kawo sabulu da jiƙaƙƙen tawul.

Ƙarfe huɗu saura kwata motar ta fita daga harabar. Manaja ya zauna a kan kifaffen bokiti, ya tsoma tafinsa da ya yi bororo a cikin ruwan sanyi. Wani ya shanya ƙonannen zanin a igiya shi kaɗai, rana tana ratsowa ta ramin tana sauka a kan siminti.