Ƙaramin Yatsan Jatau

"Ba zan ba ta ba," in ji Jatau. "Ba rashin yarda ba ne. Kaya wuri ɗaya ake tara shi."

Yana zaune a barandata a unguwar Guéma, kwamfuta a kan cinya, ƙafafunsa biyu a kumbure cikin bokitin ruwan ɗumi. Shakira na tsaye a gabansa da kile a hannu, ɗan abin nan da ake kwafe aiki a ciki. Ita ce abokiyar aikinsa a jami'a. Su biyu aka haɗa su rubuta memwar ɗaya, wato kundin kammala digiri, kuma ranar Alhamis za su tsaya gaban juri, malaman da za su ba su maki, su kare shi, abin da ake kira sutinansi. Ranar Litinin ake wannan gardama.

"Duwayen, minti biyu ne fa," ta ce. "Ko mu ɗora a intanet."

"A intanet? Wa ke gadi a can? Kin san sunansa? Kin san ubansa?"

Na ce, "Ka ba ta mana, kai da likita ya ce zuciyarka ta kusa kai ta bijimi girma."

"Metir, koma ga littafinka. Ranar Alhamis da ƙafata zan kai."

Ya rufe kwamfutar, ya miƙo mini, na ajiye a kan kabad inda take kwana shekara uku. Shakira ta hau babur ɗinta ta tafi tana magana ita kaɗai.

Jatau dillalin shanu ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ya bar lise, wato sakandare, tun mutuwar ubansa, ya yi shekara talatin da wani abu yana duba haƙoran shanu yana rantsuwa. Yana da shekara hamsin da shida ya tashi ya ce bak zai yi, jarrabawar shiga jami'a. Na yi dariya har na ƙware, sannan na koya masa Faransanci, don ba ni da wani aiki. A karo na uku ya ci. Ni da na yi shekara talatin da huɗu ina koyarwa har Metir ya zame mini suna, na karanta littattafan da suka fi shi nauyi, ban taɓa taka ajin jami'a ba. Shi kuwa ya je ya yi rajista a sashen anfarmatik, ilimin kwamfuta, ya zauna cikin yaran da suka yi sa'ar jikokinsa, suka raɗa masa Duwayen, wato dattijon aji. Ban taya shi murna ba, kuma bai lura ba.

A gidana yake karatu. Nasa gidan akwai matarsa Zuwaira da jikoki da awaki. Nawa kuwa tun rasuwar matata Rahama babu mai motsi sai ni da ƙadangaru. "Gidanka ya yi daɗin karatu, Metir," yakan ce, "ko tari ba a yi." A ganinsa yabo ne.

Aikin nasu rajistar shanu ce ta kasuwa. Kowace saniya da hotonta da launinta da fasalin ƙahonta da sunan mai ita, yadda in an kawo ta sata za a gane. Shakira ta zana fuskar abin. Jatau ya yi cikinsa, kuma shi ya haɗa duka a kwamfutarsa. Abin da ke hannun Shakira tsohon kwafi ne na wata huɗu, wanda kowace saniya ka shigar sai ya ce baƙa ce.

Ranar Talata bayan sallar asuba Jatau ya koma ɗaki ya ce wa Zuwaira ta dama masa koko. Kafin ta tace gasara ya cika. Na ji kukan ta katanga. Na shiga na yi ta'aziyya daga tsaye. Ya sha faɗi cewa a garinsu Djougou za a kai shi kusa da ubansa, saboda haka ƙarfe bakwai abokan sana'arsa suka kawo mota suka tafi da shi da iyalin. Suka ce in zo, na ce gwiwata. Gwiwata lafiyarta lau. Tun da na sa Rahama a rami shekara shida da suka wuce ban sake raka kowa ba, kuma ban ga dalilin da zan fara da mutumin da ya riga ni shiga jami'a ba.

Ƙarfe tara Shakira ta zo, idonta jawur. Ta yi gaisuwa yadda ya kamata, ta zauna. Sannan ta dubi kabad.

"Metir, Allah ya gafarta mini, amma kwamfutar."

Na sauko da ita. Ta buɗe, ta tsaya tana kallon allon.

"Yatsa take nema."

"To ki ba ta."

"Nasa take nema. Lambar sirrin kuma ya manta ta tun shekarar farko. Da yatsa kawai yake buɗewa."

"A kai wa masu gyara a unguwar Gare."

"Za su goge komai su ce sun gyara." Ta share hanci da bakin hijabi. "In babu aikin, ba sutinansi. Sai baɗi, da sabon take, ni kaɗai. Shi kuma sunansa ba zai fito a ko'ina ba."

"Yaushe ne jana'izar?" na tambaya, alhali na sani.

"Bayan azahar. Ni ba za a bar ni in shiga wurin gawar namiji ba, Metir. Ban ma san wane yatsa ba ne."

Ni na sani. Igiyar shanu ta cinye zanen yatsunsa tara, sun yi sumul kamar bayan cokali. Ƙaramin yatsan hagu kaɗai na'urar ta yarda da shi, don shi kaɗai ne bai taɓa yin aiki ba. Kullum sai ya ɗaga shi sama kamar mai shan shayi a gidan gwamna, sannan ya dangwala. Shekara uku ina kallon wannan ta saman littafina ina jin haushi.

Na ɗauki hulata.

Mu tara ne a taksin da aka yi don mutum biyar. Kwamfutar na kan cinyata, a kanta kuma gwiwar hannun wata mai doya. Kafin garin Onklou taya ta fashe, direban ya fito ya tsaya yana kallonta kamar ta ci amanarsa. Shakira na duba agogo tana duba batir. Ni kuma ina tunanin yadda Jatau, ko a mace, ya sami hanyar hana ni karatun safe.

Sha biyu da rabi muka isa gidansu a Djougou. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun cika. Wansa Alhaji Awwalu na zaune kusa da liman. Na yi ta'aziyya, na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni da murya ƙasa-ƙasa. Alhaji Awwalu bai da murya ƙasa-ƙasa.

"Yatsan gawa? Yatsan ƙanena za ka danna a talabijin?"

"Ba talabijin ba ce, Alhaji."

"Ko rediyo ce! Tun farko na ce masa mutum da furfura ba ya komawa lakwal neman boko. Ga shi har ɗakin wanka sun biyo shi. Kai wane ne ma?"

"Maƙwabcinsa."

"Wanda bai biyo mota ba?"

Amsar ta fito daga bayan labulen zaure. Zuwaira ce.

"Yaya Alhaji, shekara uku ina kai wa mijina abinci gidan wani saboda wannan abu. Shekara uku ina tambayarsa me ya ci a kasuwa yana ba ni labarin jarrabawa. In ba a buɗe ba, me na yi wa haƙuri? A buɗe."

Kowa ya dubi liman. Tsoho ne mai jinkirin magana. Ya tambaya ko rabin aikin na yarinyar ne, aka ce nata ne.

"To amana ce a hannunsa," ya ce. "Gara a sauke masa kafin a sa shi a ƙasa. Mutum ɗaya ya shiga, da alwala, kuma kada a daɗe."

Shakira ta raka ni har bakin ƙofa tana raɗa. "Metir, a hankali. In ta ƙi sau uku, lambar za ta nema, shi ke nan mun gama."

Ɗakin ƙarami ne, da warin turare da sabulu. Ba a fara wankan ba. Mai wankan, wani dattijo siriri, ya janye zanen daga hannun hagu ya koma gefe. Na tsuguna na kama hannun. Ya yi sanyi, ya fara ƙagewa. Na dangwala yatsan a karkace, na'urar ta girgiza ta ce ba ta san shi ba.

"Ɗaya," in ji mai wanka, wanda ba wanda ya sa shi ƙirga.

Na goge wurin da bakin rigata, na sake. Ta sake ƙi.

"Malam, tsaya," ya ce. "Kai ba ka saba da su ba. Ba a yi musu gaggawa." Ya jawo ƙwaryar ruwan ɗumi, ya tsoma yatsan, ya riƙa murza shi a hankali kamar mai lallashin jariri. Ya tsane shi da ƙyalle. "Yi masa magana. Ni kullum ina yi musu."

Na ji kunya, amma ba kowa sai mu uku, ɗaya kuma ba zai faɗa ba.

Na ce, "Jatau, taurin kanka ne ya kawo mu nan. Minti biyu yarinyar ta roƙe ka. Ka sa na shiga taksi da doya. Ba ni hannun nan."

Na ɗaga ƙaramin yatsan sama yadda yake yi, na dangwala daidai. Allon ya buɗe. Hoton wani bijimi fari mai dogon ƙaho ya cika shi.

Ban saki hannun nan take ba. Sai da mai wanka ya taɓa kafaɗata ya ce, "Saura nawa aikin."

Na fito da kwamfutar a buɗe a kan tafukana kamar mai ɗauke da miya mai zafi, na ratsa masu zaman makoki na kai wa Shakira. Ta zauna a dakalin zaure ta kwafe a kile uku, ta aika wa kanta, ta aika wa ƙawarta, har ni ta aika wa, ni da ban san inda zan duba ba. Da aka fito da makara na bi sahu. Na je har maƙabarta, na zuba ƙasa da hannuna. Ba wanda ya tambayi gwiwata.

Ranar Alhamis na sa babbar riga na shiga jami'a karo na farko a rayuwata, a matsayin ɗan kallo. Al'ada ce iyali su cika ɗakin sutinansi da abinci da furanni da masu hoto. Dangin Shakira sun zo, amma sun bar furannin a gida. A ɓangaren Jatau ni ne da dillalai biyar da suka taso daga kasuwa da sandunansu, suka jera a bencin baya suna kallon juri kamar shanun da za su taya.

Shugaban juri ya karanta sunaye biyu, ya sa aka yi shiru na minti ɗaya. Shakira ta yi bayani ita kaɗai. Aka haska aikin a bango. Ta shigar da jar saniya, ya ce ja ce. Dillalai suka gyaɗa kai.

Cikin juri akwai wani matashin malami ɗan kudu, mai taye a wuya, irin waɗanda ba sa jin sun yi aiki sai sun karya wani abu. Ya taso ya ce zai gwada da kansa. Ya cika launi, ya cika ƙaho, da gangan ya bar gurbin sunan mai saniya ba komai, ya danna.

Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar bango. Ba da Faransanci ba, da Hausa.

"Haba dai. Saniyar wa? Koma ka tambayo sunan mai ita."

Ɗaya daga cikin dillalan da ya iya boko ya karanta wa sauran da ƙarfi. Suka kwashe da dariya har sanda ta faɗi. "Shi ne wallahi!" in ji wani. "Haka yake yi wa kowa!"

Malamin ya juyo ya tambayi Shakira da Faransanci me aka rubuta, kuma me ya sa ba a harshen aiki ba. Ta ce makon jiya da Faransanci yake, ba ta san Jatau ya canza shi ba. Ta buɗe baki za ta fassara, sai ta rufe.

Dariyar baya ta mutu da kaɗan-kaɗan. Shugaban juri ya cire tabarau yana gogewa. A ƙasan akwatin akwai ɗan maɓallin da ake dannawa a wuce, Jatau ya rubuta masa "To". Shakira ta kai kibiyar kwamfutar kansa ta tsaya. Fanka na juyawa a sama, rubutun na nan a bango, ba wanda ya ce ta danna.