Mai Burodi a Gaban 'Yarsa

Auta ce ta kawo labarin gida. Ta dawo daga aiki da la'asar, ta ajiye jaka, ta sha ruwa, sannan ta ce wa babanta gwamnati na shirin hana gasa burodi da itace a cikin gari. Ta ce ba a riga an mayar da shi doka ba, daftari ne kawai, kuma za a kira taro a ji ra'ayin jama'a kafin a sa hannu.

Baban nata, wanda duk unguwa ke kira Mai Burodi, yana zaune a kan benci yana kankare busasshen kwaɓi daga faratansa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da gidan burodin. Da tanderun da ke bayan katangar nan ya aurar da 'ya'ya, da shi ya kai Auta jami'a har ta samu aiki a ma'aikatar muhalli. Ya ɗaga kai ya tambaye ta wa zai jagoranci taron. Ta ce Daraktan ofishinsu ne zai zauna a babban tebur, ita kuma za ta riƙa kiran masu magana, in lokacin mutum ya cika ta kaɗa masa ƙararrawa.

Ya yi dariya har da dukan cinya.

"Wato na sayar da burodi na kai ki makaranta don ki dawo ki kashe mini wuta."

"Baba, ba ni na rubuta ba. Ni aikina in tabbatar an ji kowa."

"To ai kuwa za a ji ni," in ji shi.

Auta ba ta yi shakkar hakan ba. Shi ne shugaban ƙungiyar masu gidan burodi, kuma ma'aikatansa sun sha faɗa cewa in ya fara ba da labari a bakin teburin kwaɓi, sai kwaɓin ya tashi ya zubo daga gwangwani bai kai rabi ba. Tun daga ranar ya shiga shirya jawabi. Yana zuba itace yana gwadawa, yana jera gwangwanaye yana gwadawa. Yakan fara daga ranar da ya zo garin da riga ɗaya a jikinsa, ya biyo ta kan ubangidan da ya koya masa sana'a, ya ratsa shekarar da fulawa ta yi wuya. Ma'aikata suna murza kwaɓi suna ce masa madalla, don sun san in suka ce a rage, daga farko zai sake ɗaukowa.

Auta ta yi ta jan kunnensa cewa lokacin da ake ba kowa kaɗan ne, ya fara da abin da yake so gwamnati ta yi. Ya ce mata ba a shiga gida ta taga, magana ma tana da ƙofa.

Mama kuwa ba ta tsoma baki ba. Wata safiya tana kwashe shanya tana kakkaɓewa, ta tambayi Auta ko wanda ba shi da shago ba shi da ƙungiya yana iya magana a irin wannan taro. Auta tana neman takalminta ɗaya a ƙarƙashin kujera, ta ce ai kowa ma yana iyawa, ta fice da sauri don kada motar ofis ta bar ta.

A zauren wata makaranta aka yi taron. An jera kujerun roba har bakin ƙofa, fankoki na juyawa ban da guda da ta ƙi, kuma waɗanda suka zauna ƙarƙashinta suka mayar da takardar daftarin mafici. Masu gidan burodi sun cika sahun gaba. Akwai masu sayar da itace, da ɗalibai, da ma'aikatan asibitin unguwa, da tsofaffi da suka zo don an ce musu za a yi magana a kan hayaƙi. Auta ta tsaya a gefen babban tebur da makirfo a hannu, ƙararrawa irin ta makaranta a gabanta. Wannan ne karo na farko da aka ba ta irin wannan aiki, kuma ba ta gaya wa Darakta cewa mutumin da ke sahun gaba da sabuwar riga mahaifinta ne ba.

Darakta ya yi bayanin daftarin a taƙaice. Ya ce itatuwan bayan gari suna ƙarewa, zafi na ƙaruwa, hayaƙi na cika unguwanni. Daga nan aka buɗe fili.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ba da labarin yaran da ake kawo musu da ciwon ƙirji. Wata mai sayar da itace ta ce ita ba ta ƙi a gyara ba, amma a gaya mata abin da za ta sayar in an gyara. Dogo, wani mai gidan burodi da ya riga ya koma tanderun gas, ya ce abin yana da tsabta kuma ba ya gajiyar da mutum, sai dai ranar da gas ya yanke a gari, haka zai zauna yana kallon kwaɓinsa yana tsami. Wani ɗalibi ya yi magana da manyan kalmomi har wani tsoho ya roƙi a fassara masa. Auta na kira, tana kaɗawa, a hankali tsoron da ta zo da shi ya sake ta. Wani ma'aikacin ofishinsu na gefe yana rubuta duk abin da aka faɗa.

Da layi ya zo kan babanta sai ta ɗan yi jim. Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da aka haife ta, ba kuma za ta fara a gaban jama'a ba. Ta ce shugaban masu gidan burodi ya taso.

Ya taso a natse, ya karɓi makirfo, ya hura shi. Ya gaishe da Darakta, ya gaishe da mutanen babban tebur ɗaya bayan ɗaya, ya gaishe da iyaye mata, ya gaishe da ɗalibai manyan gobe. Sannan ya ce shi ya zo garin nan da riga ɗaya a jikinsa.

Auta ta dubi agogo. Lokacin ya cika daidai sa'adda ya iso ƙofar ubangidan da ya koya masa sana'a. Ta ɗora hannu a kan ƙararrawar ta kasa ɗagawa. Darakta ya dube ta, ya dubi agogo, ya sake dubanta. Ta tuna ba ta ɗaga wa mai sayar da itace ƙafa ba, ba ta ɗaga wa Dogo ba. Ta runtse ido ta kaɗa.

Mai Burodi ya tsaya cak. Ya juyo gaba ɗaya, makirfo na bakinsa.

"Auta, ni kike kaɗa wa ƙararrawa?"

Zauren ya ɗauki dariya. Waɗanda suka san su suna gaya wa waɗanda ba su sani ba, dariyar na tafiya sahu-sahu har ta kai bakin ƙofa. Darakta ya cire tabarau ya tambayi na kusa da shi, da aka gaya masa sai ya kifa kai a kan tebur kafaɗunsa na girgiza.

Auta ta ɗan rusuna.

"Ka yi haƙuri, Baba, ƙa'ida ce. Sauran ka ƙarasa mini a gida."

Darakta ya share ido ya ce albarkacin haihuwa an ƙara wa shugaba ɗan lokaci, amma ya je kai tsaye ga abin da ya kawo shi. Mai Burodi ya gyara tsayuwa. Da ya ga ba hanyar komawa kan tarihi, sai ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce babu mai gidan burodin da ke son hayaƙi, su ne ma suka fi kowa shaƙarsa. Amma tanderu ba riga ba ce da za a tuɓe yau a sa wata gobe. A ba su lokaci, a taimaka musu su samu sababbin tanderu, a tabbatar gas ba zai riƙa yankewa ba, kuma a tuna kowane gidan burodi akwai magidanta da ke ci a cikinsa. Ya miƙa makirfo ya koma ya zauna. Aka yi masa tafi sosai. Dogo ya raɗa masa cewa tun da ya san shi bai taɓa yin magana mai daɗin wannan ba, shi kuwa ya ce ai an yanke masa wurin da ya fi daɗi.

Ana gab da rufewa Auta ta tambaya ko akwai wanda bai samu dama ba. Can baya, cikin matan unguwa, wani hannu ya ɗagu. Ta san hannun tun kafin ta ga fuskar. Mama ce, ta taho a hankali tsakanin kujeru tana ba mutane haƙuri. Mai Burodi ya waiga, ya buɗe baki, ya manta bai rufe ba.

Mama ta riƙe makirfo da hannu biyu. Ta ce ita ce matar wancan mutumin da aka kaɗa wa ƙararrawa, kuma uwar wadda ta kaɗa. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa shanya farin kaya ta kwashe shi fari ba. Ta ce jikokinta in sun kwana biyu a wurinta da tari suke komawa, har uwarsu ta fara jin nauyin kawo su, ita kuma ba ta ga laifinta ba. Ta ce maigidan nata kullum da safe sai ya yi tari a bayan gida kafin ya fito, yana tsammanin ba ta ji.

Ta ci gaba da cewa daga wannan tanderun take ci, daga shi ta sa sutura, don haka ba ta zo a kashe shi ba. Duk abin da mijinta ya roƙa, ita ma ta roƙa.

"Ku ba su lokaci," in ji ta. "Amma kada ku ba su da yawa. Na san mijina."

Matan baya suka fara tafi, sauran zauren ya ɗauka. Mai Burodi ya ɗaga hannu daga inda yake zaune, ya tambaya me ya sa ita ba a kaɗa mata ƙararrawa ba. Auta ta ce ai Mama ta gama tun lokacinta bai cika ba. Wannan karon har shi ya yi dariya, ko da yake ya yi ƙoƙarin ɓoyewa da hannun riga.

A ƙafa suka koma gida su uku, don Darakta ya ce Auta ta tafi ta raka iyayenta, aikin yau ya ishe ta. Mai Burodi na gaba, hannu a baya, yana sauri bai waiwayo ba har suka wuce gidan mai. Auta ta fara jin tsoron ko ya yi fushi da gaske. Can ya rage tafiya har Mama ta iso shi, ya tambaye ta me ya hana ta gaya masa duk wannan a gida.

Mama ta ce ta gaya masa ya fi a ƙirga. Duk ranar da ta fara, sai ya ɗauko mata labarin shekarar da fulawa ta yi wuya.

Ya yi 'yan taku yana tunani. Sannan ya ce gaskiya ne, amma ita ma ta yarda shekarar ta yi wuya. Mama ta ce ta yarda. Ya tsaya wurin mai lemo ya saya musu, ya ɓare na Mama da kansa, abin da Auta ba ta taɓa gani ba.

Bayan 'yan watanni sabon daftari ya fito. Ba duk abin da aka roƙa aka samu ba. Maganar yankewar gas an ce ana dubawa, kuma mai sayar da itace ta ci gaba da zuwa ofishin su Auta tana tambayar inda aka kwana a kan tata. Amma an ba gidajen burodi wa'adi, an yarda a samar musu da tanderu ta hannun ƙungiyarsu su riƙa biya a hankali, kuma kafin nan kowa ya ƙara tsawon bututun hayaƙinsa. Mai Burodi ya fara zuwa wurin Dogo da hantsi. Kullum sai ya ce wucewa yake yi, kullum kuma sai ya leƙa cikin tanderun ya tambayi aikin wannan maɓalli da wancan.

Ranar da aka kawo nasa tanderun, unguwa ta fito kallo. Aka sauke shi daga mota da igiyoyi, sai aka tarar ya fi ƙofar gidan burodin faɗi. Aka kira magini ya fasa gefen bango, Mai Burodi na tsaye a kansa yana koya masa aikinsa. Jikoki sun zo, suna zagaye akwatin da aka ciro tanderun, daga baya suka shige ciki suka ce gidansu ne.

Gashin farko ya fito sama ja, ƙasa fari fat. Ma'aikata suka juya baya suna dariya. Mai Burodi ya ce laifin tanderun ne, bai san shi ba tukuna. Ya aika aka kira Dogo, suka duƙa tare suna murɗa wuta suna gardama. Gashi na biyu ya fito daidai. Ya ɗauki guda da zafinsa yana jefa shi daga hannu zuwa hannu, ya gutsura, ya tauna a hankali kowa na kallonsa. Ya ce bai kai na itace ba, amma ba laifi. Sannan ya ce a kwashe tiren gaba ɗaya a raba wa mutanen da ke tsaye a waje, a zuba wani kwaɓin.