Rigunan Askar Baba

Ni na saya wa Baba akwatin, shi ya sa da ƙurajen suka ƙi tafiya na ji kamar a ƙeyata suke fitowa.

Baba mai aski ne tun kafin a haife ni. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi: kujera mai juyawa, madubi da ya tsage ta kusurwa, da benci inda tsofaffi ke zama suna gyara duniya da baki. A bara mutane suka fara kuka da ƙuraje a ƙeya bayan aski. Matasa suka sulale zuwa sabon shagon da ke tsallaken titi. Tsofaffin ma suka fara zuwa hira kawai, gashinsu a gyare, ba kuma a nan aka gyara ba. Baba yana gani, sai ya fara maganar wai hannunsa ya tsufa, gara ya rufe shagon.

Ni kuwa a kamfanin ruwan sha nake aiki, inda ruwa ke bi ta gaban wata doguwar fitila mai kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗura shi. Da na ji akwai ƙaramin akwati mai irin fitilar domin kayan aski, ban yi shawara da kowa ba na kawo masa. Na nuna masa yadda ake yi: a wanke kaya, a saka, a rufe, a kunna. Ya ce ya gane.

Ƙuraje ba su gane ba. Direba, amininsa, wanda shi kaɗai ya rage yana miƙa masa kai, ya zo da ƙeya duk ta yi rudu-rudu. Maigidana, wato mijina, ya ce ai dama kwalliya na sayo, shuɗin haske ne kawai irin na gidan biki. Na ji haushi, amma abin da ya fi haushin damuna shi ne son sanin dalili. Me zai sa fitila ta yi aiki a kan ruwa ta ƙi yi a kan aska?

Na tare injiniyanmu a bakin injin tace ruwa na tambaye shi. Mutum ne da idan ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya ba ka tarihin agogo, amma ranar na saurara. Ya ce shuɗin da nake gani ba shi ke aikin ba, ainihin hasken ido ba ya ganinsa, kuma kada in kuskura in zura masa ido. Ɗan'uwansa yana cikin hasken rana, shi ne ke koɗar da tufafi idan an manta su a shanya. Idan ya faɗa kan ƙwayar cuta, a iska take ko a kan ƙarfe, sai ya shige cikinta ya dagula abin da take hayayyafa da shi. Daga nan ta zama hoto, ba ta iya komai.

"Amma fa ba ya shan kwana," in ji shi. "Abin da ya gani shi yake kashewa. Ƙura kaɗan ma ta isa ta ɓoye masa su."

Da wannan maganar na je shagon ran Asabar. Na duba ƙwan fitilar, lafiyarsa ƙalau. Na shafa shi, ko ƙura babu, Baba yana goge shi kamar madubi. Na zauna a benci ina kallonsa yana aiki, kamar yadda nake yi ina ƙarama. Ya gama da Direba, ya wanke askar, ya kakkaɓe injin askin, ya goge almakashi. Sai ya ɗauko wasu ƙananan jakunkunan yadi, ya zura kowane a cikin tasa, ya ɗaure bakin, ya jera su a akwatin, ya kunna.

Na san jakunkunan. Umma ce ta ɗinka su da hannu kafin ta rasu, koren yadi da jajayen furanni, kowace daidai jikin abin da ke shiga cikinta. Ita ke tsokanarsa cewa askarsa ta fi 'ya'yansa gata, bai kamata ta kwana tsirara ba. Tun daga lokacin ban taɓa ganin ya ajiye ƙarfe ba riga ba. Ashe duk watannin nan fitilata riguna take haskawa, ƙwayoyin cuta suna ciki a inuwa suna hutawa.

Dariya ta zo mini, tausayi ya tare ta. Na yi masa bayanin injiniya yadda na iya. Ya saurara yana goge hannu, sannan ya ce haske da ke kashe abin da ido ba ya gani ba zai rasa ratsa ɗan ƙyalle ba. Na sake bayani, ya ce to. Na san wannan "to" ɗin, ita yake ba mai tallan maganin gashi.

Na kashe fitilar na buɗe akwatin, ba don ina da wata hujja ba, sai don in ga ko yadin yana da kauri. Na ɗauko jakar askar. Samanta ya koɗe, koren ya koma kamar ruwan wanki, furannin sun yi fari-fari. Na juya ta. Ƙasanta, inda take kwanciya a kan farantin akwatin, kore shar, furannin jajaye kamar jiya Umma ta cire allura.

"Baba, duba nan," na ce. "Nan ya gani. Nan kuma bai gani ba."

Ya karɓa ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Ya daɗe yana shafa furannin da suka koɗe da babban yatsa. Direba, da bakinsa ba ya rufuwa, ya sami abin kallo a titi.

"Uwata," ya ce a hankali, don haka yake kirana, "wato aikin hannunta yake ci."

Na ce eh.

Ya kwance jakunkunan ɗaya bayan ɗaya. Ya sake wanke kayan, ya buɗe bakin almakashi, ya ware askar, ya shimfiɗa su ba wanda ya hau wani, har yana tambayata ko a riƙa juya su don ɗaya gefen ma ya samu. Ban ce masa ya yi ko ɗaya ba.

Ƙeyar Direba ta warke, tsofaffin benci suka dawo kujera da kaɗan-kaɗan, maganar rufe shago ta mutu. Maigidana yana ta yaɗa cewa kimiyya ce ta ci Baba da yaƙi. Na bar shi da zancensa. Ni na ga lokacin da Baba ya ninke rigunan, koɗaɗɗen gefen a ciki, ya sa su a aljihun gaban rigarsa, inda babu hasken da zai kai gare su.