Matakala Sittin da Huɗu

Ranar da za a kai taswirar gaban kwamiti, Auta ta riga mai shara isowa ofis. Wata biyu ta yi tana wannan aiki, kuma duk wanda ya gaishe ta a tsakanin nan sai ya sha labari, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Aikin kuwa mai nauyi ne. Hukuma ta gina babban asibiti, ta kuma yanke cewa duk ƙaramin asibitin sha-ka-tafi da mutanensa za su iya isa babban a ƙafa cikin minti ashirin, rufe shi za a yi. Auta, wadda a ofis ake ce wa Mai Taswira, ita aka ba aikin gano waɗanda abin ya shafa. Da ƙarfe goma sha biyu za a sa hannu.

Da wani malalaci ne, da sai ya zana da'ira a kewayen asibitin ya tafi shan shayi. Ita ta fi ƙarfin haka, kuma ta san ta fi. Ta ɗora taswirar tituna a kan ta gidaje, ta sa kwamfuta ta bi kowane lungu tana ƙirga mintoci, har kore ya bazu a allo daidai inda ƙafa ke kaiwa. Asibitoci uku suka faɗa cikin koren. Na ukun shi ne na bayan layin dogo, na unguwarsu, inda ake auna wa babanta hawan jini. Abin ya sosa mata rai, amma minti goma sha biyu kwamfuta ta ce, kuma Auta ba ta jayayya da lissafi.

Wajen ƙarfe goma sai ga Baba a bakin ƙofa, yana dogara sanda, riƙe da tabaron da ta manta a gida. Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a ƙafa kafin ya yi ritaya, kuma har gobe ba ya wuce gida bai duba lambarsa ba.

"Ga idonki," ya ce. "Da me za ki nuna wa manya hanya?"

"Baba, shigo ka ga abin da 'yarka ta yi!"

Ta jawo masa kujera, bakinta har kunne. Ta kunna wannan, ta kashe wancan, tana ta zuba bayani ba numfashi. Shi kuwa ya matso da fuska dab da allon, yana bin titunan da yatsa, yana kiran masu gidajen ɗaya bayan ɗaya kamar zai miƙa musu wasiƙa.

"Wannan kore fa?"

"Duk wanda ke cikinsa zai isa babban asibiti kafin minti ashirin."

"Har mu?"

"Mu ai sha biyu ne ma."

Baba ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. "Sha biyu? Fiffike kika raba mana?"

"Haba Baba, ba a sama na auna ba. Hanya na bi. Ga ta nan, ta kan gadar layin dogo."

Ya dubi ɗan siririn layin da take nunawa. "Wannan zaren ne gadar?"

"Ita ce."

"To ina matakalar?"

A taswirarta gadar layi ce kamar kowane layi, mita tamanin, a kwance lafiya lau.

"Talatin da biyu hawa, talatin da biyu sauka," in ji Baba. "Sittin da huɗu. Ƙarfen dafawa na gefen hagu ya cire. Ke da kike zuwa aiki a mota ta babban titi, yaushe rabonki da ita? Su wa ke zuwa sha-ka-tafi, ba mu ba ne? Tsofaffi, da masu ciki, da mata masu goyo."

Ta ji kunya har cikin ƙashinta. Amma kunyar ba ta yi minti ɗaya ba wani abu ya ture ta. Ai wannan gyaruwa yake yi! Ta janyo kujera gaban allon.

"Baba, in ba gadar, ta ina kuke bi?"

"Sai an gangara har mararrabar jirgi, a tsallaka, a dawo."

Ta sa wa gadar shinge, wato ta gaya wa kwamfuta nan ba a bi, ta sake sa ta lissafi. 'Yar alamar jira ta hau juyawa a allo, ita kuma tana bubbuga tebur. Da taswirar ta fito, sai ta ga koren ya ja da baya ya tsaya cak a bakin layin dogo. Unguwarsu gaba ɗaya ta fita. Minti arba'in da bakwai!

"Ya fita! Baba, asibitinmu ya fita!"

Ihun da ta yi ne ya fito da Darakta daga ofishinsa, mutum mai son komai a rubuce.

"Mai Taswira, lafiya?"

"Ranka ya daɗe, na yi kuskure, kuma na gano shi!" Ta faɗa da murna kamar wadda aka yi wa kyauta. Ta nuna masa ta farko, ta nuna masa ta biyu. Sannan ta ɗora taswirar shekarun mazauna a kai, ɗigo ja ga duk gidan da ke da wanda ya haura sittin. Bayan layin dogo ya yi jawur.

Darakta ya sosa ƙeya. "An riga an buga takardu. Kuma kwamiti zai tambaya, wa ya ce sittin da huɗu ne? Daga wace hukuma bayanin ya fito?"

"Ga hukumar nan a zaune," in ji Auta.

Baba ya gyara zaman hularsa. Darakta ya dube shi, ya dubi agogo, ya ce a ɗauko hoton matakalar kafin sha biyu, in ta tabbata shi da kansa zai cire asibitin daga jerin.

Tasi suka hau, Auta tana ta azalzalar direba. A gindin gadar ta bar Baba, ta haye da gudu tana ƙirgawa da ƙarfi, tana ɗaukar hoto da waya. Ta sauka ta wancan gefen, ta sake hayowa, ta dawo tana haki tana dariya.

"Sittin da huɗu cif! Baba, ƙwaƙwalwarka ta fi kwamfutata. Tun zamanin wasiƙu ka riƙe?"

"A'a. Lokacin wasiƙu wa ke ƙirgawa? Bibbiyu nake haɗawa." Ya nuna da sanda. "Kin ga ta sha tara, mai tsagewar nan? Watan jiya likita ya tura ni babban asibiti a duba min zuciya. A nan na zauna. Na ƙirga waɗanda na hau, na ƙirga waɗanda suka rage, na juyo gida."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Auta. "Ka ce min ka je. Ka ce an ce lafiya lau."

"Kina ta aikinki kina murna. Ban so in tsayar da ke ba."

Ta tura wa Darakta hotunan. Ba a jima ba amsa ta shigo: an cire na bayan layin dogo. Ta karanta wa Baba da ƙarfi, sannan ta buɗe masa ƙofar tasi.

"Ofis?" in ji direba.

"Babban asibiti," ta ce. "Ta mararrabar jirgi."