Bangon da Kawu Ya Matsar

Sau uku yana danna bangon da ke cikin zanen, sau uku kwamfutar tana buɗe masa wani abin da bai nema ba. Shekara bakwai rabonsa da ofishin zanen gine-gine, tun da kamfaninsu ya rufe. Ƙanin matarsa ne ya samo masa gwajin mako guda a nan, ga shi yau kwana na huɗu bai ja ko layi ɗaya ba.

'Yan ofishin sun laƙaba masa Kawu tun ranar farko. Mai Tabarau, wadda teburinta ke manne da nasa, ta nuna masa yadda ake aiki da gudu kamar mai karanto lambar waya, shi kuma ya yi ta gyaɗa kai. Wallahi ko rabi bai kama ba, kunya ce kawai ta hana shi tambaya.

Ƙaramin asibiti suke zanawa, mai hawa uku. An ce ya riƙa dubawa har idonsa ya saba. To, ido dai bai manta aikinsa ba. A hawan ƙasa, inda hanya ta yi kwana zuwa ɗakin tiyata, ya ga gadon marar lafiya mai taya ba zai juya ba. A zamaninsa, takarda mai shara-shara ake ɗorawa a kan zane, mutum ya gwada abin da ya ga dama, na ƙasa na nan lafiya. Ya ɗauka haka abin yake a nan ma. Ya yi ta dannawa yana ja, can sai ga bango ya matsa santimita arba'in. Daɗi ya kama shi, ya tashi ya tafi shan ruwa.

Yana dawowa ya tarar ofis ya kacame. Mai zanen famfo na rantsuwa cewa bututunsa na tsaye a iska. Mai zanen lantarki na neman bangon da ya liƙa wa makunnai. Ɗakin ajiyar magani ya tsuke. Sai a lokacin Mai Tabarau ta raɗa masa cewa zanen guda ɗaya ne, kowa a cikinsa yake aiki, kuma gobe masu asibitin za su zo gani.

Ya koma kujerarsa ya zauna. Matarsa ta riga ta sanar da dangi kaf cewa maigida ya koma aiki.

Shugabar ofishin ta fito, ta tsaya a tsakiyarsu.

"Wa ya taɓa bangon nan?"

Ya miƙe. Ya fara ba da haƙuri, maganar ta harɗe, shi kansa bai san inda ta dosa ba. Sai ya jawo littattafai biyu ya yi kwana da su a kan tebur, ya tura wayarsa a tsakani a matsayin gado. Wayar ta maƙale. Ya matsar da littafi ɗaya kaɗan, ta wuce.

Shugabar ta sunkuya kan kwamfutarsa ta auna, ta sake aunawa. Mai famfo ya ce shi dai aikinsa na kwana biyu ya tafi a banza, ba ta ko dube shi ba.

"Ban ce na ji daɗi ba, Kawu," in ji ta. "Amma kwanar nan iri ɗaya ce a hawa na biyu da na uku. Ka matsar da bangon can ma kafin a tashi, sai mu yi maganar zamanka."

Ta koma ofishinta. Yabo ne ko faɗa, bai tantance ba. Ya zauna, ya buɗe hawa na biyu da ƙyar, ya ƙura wa bangon ido. Mutum biyar na jiransa su gyara nasu aikin.

Ya karkata wajen Mai Tabarau, ya yi ƙasa da murya.

"Ƙanwata, don Allah, ɗazu yaya aka yi na matsar da shi?"