Inda Mai Ƙaho Ke Numfashi

"Mayar da allurar baya kaɗan, 'yata. Daidai inda mai ƙahon ya shigo."

Odalys ta ajiye kwanon miyar kaza a kan piyano, ta ɗaga allurar garmahon ta mayar. Masu goge suka taso, ƙaho ya biyo su a hankali. Maestro Evaristo, dattijon makaɗin piyano da ke maƙwabtaka da ita, ya karkatar da kai, ya ɗaga yatsa.

"Kin ji? Nan ya ja numfashi. Piyano ba shi da huhu, sai ka ara masa na wani."

"Na ji, Maestro. Sha miyar kafin ta huce."

Tsohon ya ƙare ƙuruciyarsa yana kaɗa wa yara masu koyon rawa a wata makaranta a Havana, bai taɓa hawa dandamali an tafa masa ba. Da ya ajiye aiki sai ya ɗauko wani kiɗan piyano mai wuyar tsiya, wanda daga baya aka rarraba wa taron makaɗa suka yi faifansa. Yanar ido ta rufe masa gani, takardun kiɗan sun daina yi masa amfani, faifan nan kaɗai ya rage. Odalys ta sa allura, ya saurara, ta ɗage, ya gwada. Wata gaɓa ce a tsakiya ta gagare shi. Yatsun sun san hanya, amma shi ya ce abin ba ya numfashi.

Ba don Allah Odalys take wannan hidima ba, kuma kowa a gidan ya sani. Sun yi alkawari ne: ta kula da shi har ƙarshe, ɗakinsa ya zama nata. Bango ɗaya ya raba shi da ɗakin da take cunkushe a ciki ita da ɗanta Yosvani da matarsa Dayamí mai tsohon ciki, labule ne kawai tsakanin gadajensu. Likita ya ce huhun tsohon ba zai kai damina ba. Damina ta zo ta wuce, yana nan yana neman numfashin mai ƙaho.

"Mama, tsohon nan fa shi zai binne mu duka," in ji Yosvani a bakin famfon tsakar gida.

"Sassauta murya. Makaho ne, ba kurma ba."

"To ni ina zan sa gadon jariri?" in ji Dayamí. "A kaina?"

Jiran gawon shanun ya ishi Odalys, har ta tsani ƙarar takalmin tsohon.

Washegari tana yanke masa farce ya yi dariya ya ce, "Ki yi haƙuri da ni, 'yata. Ba inda za ni sai na gane gaɓar nan. Saura ƙiris."

Da ya kwanta barcin rana ta zare faifan daga jakarsa, ta sa a kwandon wanki, ta hau rufin gidan. Ta ɗora shi a kan murfin tankin ruwa, ƙarfen da ko tafin hannu ba ya jurewa. Ta shanya kayanta a tsanake, ta tsaya hira da wata maƙwabciya kan tsadar wake. Da ta dawo faifan ya lanƙwashe kamar soyayyar ayaba.

Da yamma ya zauna gaban piyano. "Sa mana, 'yata."

Allura ta sauka, tana hawa tana gangarawa. Masu goge suka taso suna tangaɗi, ƙahon ya yi sama, ya zube, ya sake miƙewa.

"Me ya sami garmahon?"

"Me ka ji?"

"Layi yake yi. Ba ki ji ba?"

"Yadda yake kullum haka yake, Maestro. Ras."

Ya miƙa hannu wajen garmahon, ta kama shi. "Kada ka taɓa, za ka karce shi."

"Yosvani!" ya kira. "Zo, ɗana, zo ka ji mini."

Yosvani ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi faifan yana rangaji, ya dubi uwarsa.

"Lafiya lau yake, Maestro. Yau ma ya fi daɗi."

Tsohon ya danna maɓalli ɗaya a piyanon, ya saurara, ya sake dannawa, ya sake. Wanda ya fara zargin kunnensa, komai ya ji sai ya zarga. Ya daɗe a haka, hannuwansa a kan gwiwa.

"Da ido ya tafi ban ce komai ba," ya ce. Ya lalubi murfin piyanon ya rufe. "Kashe shi, 'yata. Na wahalar da ke. Na gode."

Bai ƙara buɗe murfin ba. Miya ta riƙa komawa yadda ta zo, kofin gahawa ma sai ya huce a kan kujera. Maƙwabtan da ke zaginsa kan kiɗan suka ce an samu lafiya. Kafin mako ya zagayo Odalys ta shiga da safe ta tarar rai ya yi halinsa, fuskarsa na kallon bango. Ta yi kuka sosai a makabarta, mata suka riƙa cewa ko 'yar cikinsa sai haka.

Piyanon gara ta riga ta cinye cikinsa, da aka zo ɗagawa ƙafa ɗaya ta ɓalle. Yosvani ya fasa bango, ya shafa farar ƙasa. Dayamí ta haifi mace.

Wata rana da hantsi Odalys na zaune inda piyanon yake a da, tana jijjiga jikarta da ta ƙi barci. Ba ta san lokacin da ta fara rera wani abu a maƙoshi ba. Ya hau a hankali, ya kai wani wuri, ta ja numfashi daidai inda mai ƙahon yake ja, ta ci gaba kaɗan, sai ya tsaya mata. Ba ta san abin da ke gaba ba.

Jaririyar ta yi shiru, ta zuba mata ido tana jira.